Karfasa a Ramin Babana

Babana masunci ne ɗan masunta, amma ni ban taso na same shi a kogi ba. Kafin in yi wayo ya riga ya jingine kwalekwalensa, saboda kifin kogin Wudil ya ja baya, masu kama shi kuma sun yi yawa. Abin da na buɗe ido na gani shi ne ramin. Wani tsohon kududdufi ne a fadama, idan ka bar gari ka nufi Dagumawa, inda aka daɗe ana ɗibar ƙasar gini har wurin ya yi zurfi ya soma riƙe ruwa rani da damina. Filin na wani dattijo ne, abokin Baba tun suna yara. Shi ya ce masa ga rami nan ba ya haifar komai sai sauro, ya je ya yi abin da zai iya da shi. A kan wannan maganar suka zauna har suka yi furfura.

Baba ya gyara gaɓar ramin, ya kafa 'yar rumfa a gefe, ya shiga kiwon karfasa. Duk wanda ya ci kifi a bakin gada a shekarun nan ya san karfasar Baba, mai faɗi kamar tafin hannu biyu, mai tsoka har wuya. Amma akwai abubuwan da yake yi waɗanda nake ganin ɓarna ce tun ina yaro. Yakan saki tarwada 'yan kaɗan a cikin ramin, alhali kowa ya san tarwada 'ya'yan karfasa take ci. Zalɓe zai sauka ya tsaya da ƙafa ɗaya a bakin ruwa yana tsintar kifi, Baba yana kallo ba zai ɗaga ko dutse ba. Haka guzan da ke zaune a gindin gaɓa. Sannan shi da kansa, lokaci lokaci, sai ya ja taru mai ƙananan idanu ya kwaso 'yan mitsi-mitsin karfasa cike da daro. Inna ta shanya wasu ta daka a miya, a raba wa maƙwabta wasu, saura a watsa wa kaji.

Wata rana na ce masa da ya bar su ai da sun girma. Yana tsugune yana wanke tarun, bai ko ɗago ba ya ce, "Ruwa ma ciki gare shi. Ya san abin da zai iya ciyarwa. In ka ba shi kaɗan ya ba ka nama, in ka cika shi ya ba ka ƙaya."

Daga baya ya nuna mini dalili. Ya kamo wata macen karfasa ya buɗe mata baki, sai ga ƙwai cike. A baki take goyonsu har su ƙyanƙyashe, in kuma 'ya'yan suka ga abin tsoro sai su ruga su koma bakin uwar. Don haka kaɗan ne ke salwanta. Kafin ka juya ta sake yin wasu, 'ya'yan kuma tun ba su kai komai ba su ma sun fara nasu. A kogi akwai masu rage su ta ko'ina, kuma ruwa yana tafiya. A rami babu inda za su je. In ba a samu bakin da zai ci su ba, su za su cinye ramin.

Na girma, na yi karatu, na zama malamin firamare a wajen Dagumawa, hanyata kullum ta gefen ramin. A shekarar da dattijon mai filin ya rasu, a ita Baba ya faɗi a bakin ƙofa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Filin ya faɗa a rabon babban ɗan mamacin, wani dillali a kara, kasuwar shanu, ƙato mai murya, wanda kowa ke kira Alhaji. Ba ya rabuwa da sandar kiwo ko a masallaci, sai dai ya jingine ta a ƙofa.

Da Baba ya fara iya zama, abin da ya fara nema shi ne in kai shi ya ga kifinsa. Na ɗora shi a babur, ya riƙe rigata da hannunsa mai lafiya, muka tafi a hankali. Muna isa muka tarar an rushe rumfar. Tarun Baba da gorarsa ta kamun kifi suna yashe a kan hanya, har wani amalanke ya bi ta kan tarun. Alhaji yana tsaye da leburori biyu. Ya gaishe da Baba gaisuwa mai tsawo, ya tambayi jiki, ya tambayi iyali, ya yi addu'ar Allah ya sa kaffara ne, sannan ya ce magada sun yi rabo, wurin nan nasa ne, kuma yana da abin da zai yi da shi.

Baba bai yi musu ba. Da ƙyar yake haɗa kalmomi, ina jin yadda ƙirjinsa ke motsi a bayana. Ya ce ba filin yake nema ba, a bar shi dai zuwa kaka ya kwashe kifin da ya raina. Alhaji ya yi dariya. Ya miƙo sandarsa ya taɓa kafaɗar Baba, wadda ta shanye, ya ɗan danna ta yadda suke danna tozon bijimi in ana ciniki.

"Baba, wannan hannun ne zai ja taru? Aro aka ba ka, aro kuma ya ƙare. Je ka huta."

Leburorin suka sunkuyar da kai. Ni kuwa na nemi sauka daga kan babur ɗin, amma in na sauka Baba zai faɗi. Ya ja rigata, alamar mu tafi. Na kwashi tarun da gorar na ɗaure a gaba. A hanya ya kwantar da fuskarsa a bayana, kafin mu shiga gari rigar ta jiƙe a wurin. Ban gaya wa kowa wannan ba a lokacin, har Inna.

Na kai maganar wurin mai unguwa. Ya ce fili na magada ne, babu ja, amma kifi gumin Baba ne, a ba shi rabonsa. Alhaji ya amince nan take, har na yi mamaki. Bayan 'yan kwanaki sai ga wani leburansa da babban daro a ka. Ya sauke a tsakar gida, ya buɗe buhun da aka rufa, sai ga tarwada suna ta mutsu-mutsu, baƙaƙe, masu gashin baki. Ya ce Alhaji ya ce ga rabon Baba. Wai ɓarayin da ke cinye masa kifi ne, ya sa an tace ramin kaf an tsamo su, wanda ya zuba su shi ya kamata ya ci.

Inna ta juya ta shige ɗaki. Baba, yana jingine da bango a kan tabarma, ya daɗe yana kallon daron. Ya tambayi leburan ko duka ne, ya ce duka, har sau uku aka ja taru. Da mutumin ya fita Baba ya kira ni kusa. Na zaci zai ce in mayar wa Alhaji da cin mutuncinsa. Sai ya ce in je in gaya wa Alhaji ya nemi tarwada ya mayar cikin ruwan, ya kuma riƙa rage ƙananan karfasa, in ba haka ba ramin zai lalace a hannunsa.

Na kalle shi. Ba mutumin yake tausayi ba, na gane haka, ramin yake tausayi. Na ce, "To, Baba."

Saƙon uba ba a ƙin kai shi. Amma bai gaya mini inda zan kai ba, bai kuma gaya mini da wace murya ba. Na san gidan Alhaji, na san lokacin da yake zama shi kaɗai a zaure. Da a can na same shi na tsuguna na faɗa masa a hankali, mai yiwuwa ya yi tsaki a gabana, sannan bayan na tafi ya aika a sayo tarwada a ɓoye. Dillali ne, ba ya son asara. Don haka na jira Juma'a, ranar kasuwa.

Na same shi a tsakiyar kara, cikin ƙura da kukan shanu, abokan dillancinsa sun kewaye shi, ga wasu fatake daga kudu ana tsakiyar cinikin wani bijimi. Na yi sallama da ƙarfi yadda kowa zai juyo. Na ce babana ne ya aiko ni, tsohon nan da aka ce ya je ya huta. Sannan na faɗi saƙon kamar yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba, sai dai na faɗe shi irin yadda nake karanta wa 'yan aji ɗaya darasi, dalla-dalla, kamar mai magana da wanda ba ya saurin ganewa.

Wani daga cikin dillalan ya fara dariya, ya ce ashe Alhaji makaranta zai koma. Saura suka ɗauka. Na ga wuyan Alhaji ya kumbura. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Wa ya taɓa zuba kura a garke don shanu su yi ƙiba? Ka gaya wa tsohonka, wallahi muddin ramin nan yana hannuna tarwada ba za ta ƙara shiga cikinsa ba."

Abin da na zo nema ke nan. Ya rantse a gaban mutanen da yake jin kunyarsu fiye da kowa. Na koma gida na ce wa Baba na isar da saƙo, ya ce madalla. Inna kuwa tuni ta banda tarwadar, muka yi ta cin miyarta.

Sai dai shekarar farko ba ta yi mini daɗi ba ko kaɗan. Alhaji ya shiga ramin da ƙarfinsa. Ya sa maharbi ya kashe zalɓe, aka rataye gawar a kan sanda a bakin ruwa don saura su gani. Aka farauci guzan har raminsa. Ya riƙa kawo buhunan dusa, ana kuma turo kashin shanu daga kara a amalanke ana zubawa, har ruwan ya koma kore. Da kaka ta yi ya kwashe manyan kifin, kifin Baba, ya tara masu saye har daga birni. Na ga karfasar da na sani a kan farantai a bakin gada, ana soyawa, ana cewa kifin Alhaji. Akwai wata hanya zuwa makarantarmu wadda ba ta bi ta ramin, amma ban taɓa bin ta ba. Ina so in gani, ko da ganin yana ƙona ni.

Da damina ta zagayo sai ka ga saman ruwan yana ɗigo-ɗigo kamar ana yayyafi, alhali sama tas take. Bakunan 'ya'yan kifi ne. Alhaji yakan kwaso abokansa da yamma, ya damƙi dusa ya watsa, ruwan ya tafasa kamar tukunya, su yi ta salati. In ya hango ni a kan babur sai ya ɗaga mini sanda, ya ce in tsaya in ga garke. Akwai ranakun da na yi shakkar maganar Baba. Na ce a raina wataƙila abin da tsoho ya rasa shi ne jari, wataƙila in akwai dusa ruwa ba shi da ciki. Ban faɗa masa ba. Shi ma ba ya tambayar Alhaji, sai dai ya tambaye ni launin ruwan, ko kuma tsuntsaye suna sauka. In na ba shi amsa sai ya lumshe ido.

A ranin da ya biyo baya Baba ya rasu. Ran sadakar uku Alhaji ya zo, ya zauna a tabarmar gaba, ya yi addu'a da murya sama da ta kowa. Da jama'a suka fara raguwa sai ya yafito ni gefe, bayan bishiyar darbejiyar ƙofar gidanmu, ya zaro wata leda daga aljihu. Karfasa ce a ciki, tsawon yatsa, kanta ƙato, idanunta zuru-zuru, jikinta kamar an matse. Ya danna mata muƙamuƙi sai ga ƙwai a bakinta. Ya ce duk haka suke, sun ƙi girma, ga ci kamar fara. Ya ce ko dai irin ya lalace, ko kuma akwai wani abu da marigayi ya binne a wurin. Yana so in gaya masa inda Baba yake samo iri.

A zaman makokin ubana yake tambayata wannan. Na kalli 'yar kifin nan a tafin hannunsa, uwa ce amma ba ta kai 'yar da Baba ke watsa wa kaji ba, sai na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina, irin wanda ban ji ba tun ranar da sandar nan ta taɓa kafaɗar Baba. Na ce masa babu abin da aka binne. Na kwatanta masa wani tsohon masunci a ƙasan gada da ke sayar da manyan karfasa da ransu. Abin da ya tambaya ke nan, shi na amsa. Ya yi godiya, har da dafa mini kafaɗa.

Ya sayo su kuwa, manya masu kyau, ya zuba a kan waɗanda ke ciki. Ba su sami abin da za su ci ba sai abin da suka ƙwata, amma haihuwa ba su fasa ba.

Daga nan abin ya zama kamar mai cika tulu mai huda. Yana ƙara dusa, bakuna suna ƙaruwa, kowane baki kuma abin da ke isa gare shi bai fi na jiya ba. Ruwan ya yi kauri kamar miyar kuka, ya fara wari. Mata masu suya suka zo suka duba suka ce wannan ai ƙaya ce zalla, ko kyauta sai an yi tunani. Da ya so, da ya kwashe rabinsu ya shanya ya sayar wa masu kaji, sauran su samu sarari. Wani ma ya ba shi wannan shawarar, na ji labari. Amma a wurin dillalin shanu, fitar da ramammiyar dabba kasuwa abin kunya ne, ana riƙe ta ne har ta yi ƙiba. Kuma rage ƙananan kifi yana cikin saƙon da na kai masa a kara. Ya ce zai jira.

Bazara ta shigo. Ruwan ramin ya ja baya, gaɓa ta tsattsage, kifin da da suke cikin ɗaki suka koma cikin akurki. Sai aka shiga wasu kwanaki na zafi mai nauyi, hadari ya taso ya rufe rana ya tsaya, ba ruwa ba iska, ko ganye ba ya motsi. Na tuna a irin waɗannan kwanaki Baba yakan yi sammako ya je ya yi ta dukan ruwan da filafilin kwalekwale, yana ɗiba da bokiti yana shekawa daga sama, don ya ce kifi ma numfashi yake yi, kuma koren ruwa in bai ga rana ba shaƙe su yake.

Da safe zan tafi makaranta na ga ramin ya zama bakunan kifi zalla. Duk sun taso sama, sun jeru gefe da gefe, suna buɗe baki suna rufewa. Leburan da ke gadi ya ɗauka yunwa ce, ya kwance buhu yana ta watsa musu dusa, dusar tana zama a kan ruwa babu mai taɓa ta. Na tsayar da babur, na kashe, na zauna a kai ina kallo. Ya gaishe ni na amsa. Sannan na tayar na wuce. Ran nan 'yan ajina sun sha waƙa da tatsuniya, har shugaban makaranta ya leƙo ya tambaya ko an yi mini haihuwa ne.

Washegari warin ne ya tare ni tun ban hango wurin ba. Ramin ya yi fari fat. Ba ka ganin ruwa, sai cikkunan kifi a sama, ɗaya kan ɗaya, daga wannan gaɓa zuwa waccan. Sai a ranar na ga ainihin yawansu. Shirwa suna ta shawagi, ƙudaje sun yi baƙi a gefe. Manoma masu wucewa gona sun tsaya nesa sun toshe hanci. Alhaji yana tsaye a cikin laka har idon sawu, bakin babbar rigarsa ya jiƙe, yana tura gawarwakin da sandarsa kamar mai neman wadda za ta motsa.

Na sauka na je har kusa da shi. Na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi kasuwa, ban tsallake komai ba.

"Malam, kallo ka zo?"

"Hanyata ce, Alhaji."

Ya juyo ya dube ni. Idanunsa sun yi ja. "Ka san haka za ta faru."

"Babana ya sani. Shi ya sa ya aiko ni."

Bai bar ta a nan ba. Ya kai ni ƙara wurin dagaci, ya ce guba na zuba masa, ai an sha ganina ina tsayawa a bakin ramin. Aka tara mu. Dagaci ya kira dattawan masunta biyu, suka je suka duba suka dawo. Suka ce in guba ce da kwaɗi ma sun mutu, ga su can kuwa suna ta tsalle a kan gawarwakin. Suka ce kifi ne ya fi ƙarfin ruwa. Aka tambaye ni ko ina da magana, na ce a kira waɗanda suke kara ranar da na kai saƙon Baba. Biyu suna wurin, cikin 'yan rakiyar Alhajin ma. Ɗaya ya sunkuyar da kai, ɗayan kuwa bakinsa ba ya riƙe magana, ya maimaita komai, har da zancen kura da garke, har da kwaikwayon yadda aka buga sanda a ƙasa. Zauren ya fashe da dariya, dagaci da kansa sai da ya ja rawani ya rufe baki. Tun daga ranar, in Alhaji ya shiga kara sai wani ya tambaye shi lafiyar garken ruwa.

Da na koma gida Inna ta sa na ba ta labari tun daga farko. Na gama ta ce in sake. Ta tambaya ko da gaske rigarsa ta taɓa laka, ko hularsa tana kansa, wa da wa suka yi dariya. Inna mace ce da ban taɓa jin ta zagi ko akuya ba, kuma tun da ta fita takaba ba ta leƙa ko ƙofar gida ba. Sai ta ce in samo mata adaidaita sahu, tana so ta gani da idonta.

Na kai ta. A lokacin an fara kwashe gawarwakin da shebur ana binnewa, warin ya ninka na jiya. Ta sauka ta taka har bakin gaɓa, daidai inda rumfar take a da. Kowa a wurin ya rufe hanci, ita ba ta rufe ba. Ta tsaya tana kallo har direban ya fara ƙosawa. Sannan ta gyara mayafinta ta ce, "Allah ya jiƙan malam. Mu tafi." A hanya ta sa aka tsaya ta sayi nama. Ran nan ta tuƙa tuwon shinkafa, ta ci har ta ƙara, rabon da in ga haka tun Baba yana da lafiya.

Mutane sun yi mini nasiha, ba ɗaya ba ba biyu ba. Limaminmu ya ce ba a farin ciki da masifar musulmi. Na saurare shi da ladabi. Ban zuba komai a ruwan nan ba, ban yi wa kowa ƙarya ba. Amma in aka ce in ce ban ji daɗi ba, to a nan ne zan yi ƙarya.

Alhaji ya daina zuwa ramin, ya sallami mai gadi. Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar, ruwa ya wanke ƙazantar, fadama ta cika har ta haɗe da kogi na ɗan lokaci. Ashe ba duka suka mutu ba. 'Yan kaɗan sun tsira, suka wayi gari ramin duka nasu ne. Tarwada kuma, da ba ta san da rantsuwar kowa ba, ta biyo ambaliya ta shiga da kanta. Tsuntsaye suka dawo. Babu mai zuba dusa, babu mai zuba komai, ruwan ya washe har kana ganin ƙasa a gefe. Ina wucewa kullum, ina ganin inuwar manyan kifi suna gilmawa, ban gaya wa kowa ba.

Wani mai fatsa ne ya kamo tarwada a wurin, labari ya kai kara. Aka fara tambayar Alhaji ko zai yi kaffarar rantsuwa, tunda ga ta ta shiga kuma ramin yana hannunsa. Abin ya ishe shi. Da rani ya yi ya sayar da wurin ga masu yanka filaye, da sharaɗin shi zai cike shi, ya yi hayar tifa-tifa suka fara juye ƙasa.

Ranar da aka kusa gamawa na je. Ƙasa tana turo ruwan zuwa lungu ɗaya, kifin suka taru a ɗan abin da ya rage, jama'a suka faɗa ciki da kwanduna da hannu. Alhaji yana tsaye a kan tudun ƙasar yana ba direbobi umarni. Sai wani lebura ya ɗago karfasa sama da hannu biyu, tana ta fizga, faffaɗa, mai kauri, bayanta yana ƙyalli. Wani ya ɗago wata. Aka yi ta fito da su, ba su da yawa, amma kowace ɗaya ta isa gida guda miya. Alhaji ya daina ba da umarni. Ya sauko daga kan tudun, ya karɓi ɗaya ya auna nauyinta a hannu, ya juya ta, ya sake juyawa. A bayansa wata tifar ta riga ta ɗaga, ƙasa tana zubowa. Ya ɗago ya neme ni cikin mutane har ya same ni. Ban kawar da kai ba, shi ya kawar.

Yanzu gidaje ne a wurin, har da shagon cajin waya. Alhaji ya tsufa, ciwon ƙafa ya hana shi zuwa kara sosai. Mukan haɗu a ɗaurin aure ko jana'iza, mu gaisa yadda ake gaisawa. Kwanaki ɗansa ya kawo jikansa makarantarmu, aka sa shi a ajina. Yaron yana da ƙoƙari, ina koya masa kamar kowa. Kakansa ya aiko mini da gaisuwa ta bakinsa, na ce ina amsawa.